Amana ana cin ta, mutunci yana zubewa

Daren jajibirin ƙaramar Sallar bara na tsaya a shagon wani tela, ni da wasu mutum huɗu, kowa ya zo karɓar ɗinkinsa. Shaddar da na kai tun farkon azumi tana nan a ninke yadda na bar ta, ko almakashi bai taɓa ta ba. Telan bai ko ɗago kai daga kan keke ba ya ce, "Yallaɓai, sai haƙuri." Wani saurayi da ke bayana, wanda shi ma yadinsa bai ga allura ba, ya ce, "Wallahi ba don mutunci ba, da yau na yi maka rashin mutunci." Dattijon da ke zaune a benci ya ce, "Haba yaro, ji kunyar idon mutane mana." Saurayin ya juyo ya ce, "Baba, shi da ya ci amanarmu bai ji kunya ba sai ni?"

Ba a yi minti ɗaya ba an taɓo haƙuri da mutunci da kunya da amana. Mutunci ma sau biyu ya fito a jumla guda, kuma ba abu ɗaya yake nufi a wuraren biyu ba. Babu wanda ya tsaya tambayar ma'ana, kowa ya gane. Amma da za a tsare ɗayanmu a ce ya fassara mutunci a taƙaice, da an ga inda-inda.

Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa kafin ya koma koyarwa a Zariya sannan Oxford, ya taɓa gwada tsara waɗannan kalmomi. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka, aka buga ta a 1974, ya lissafa halaye goma da ya ce su ne ke haɗuwa su yi mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Har yau ɗaliban Hausa a jami'o'i suna haddace jerin nan don jarrabawa. Jerin ba shi da laifi, ya yi ƙoƙari. Sai dai kalma a jeri kamar kifi ce a faranti, za ka ga siffarsa amma ba za ka ga yadda yake iyo ba. Wanda ke son sanin abin da Bahaushe ke nufi da amana ko kunya, ya dubi aikatau ɗin da ke raka su, ya kuma dubi wa ke faɗa wa wa.

A fara da "ci", wanda ya fi kowane aikatau yawo a wannan fage. Ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin zarafi, ana cin zali, ana cin fuska, ana cin haƙƙin maraya. Duk inda aka ce an ci, to akwai mai abu, akwai wanda ya haɗiye, kuma abin da aka haɗiye ba ya dawowa yadda yake. Wannan ya nuna cewa a tunanin mai harshen, laifi irin wannan ɗaukar abin wani ne a sa a ciki. Shi ya sa wanda aka zalunta yakan ce "Allah ya isa", irin maganar mai bin bashi da ya rasa yadda zai karɓa, ya miƙa wa wanda zai iya karɓar masa. Ba a cin kunya ta wannan hanya. Kunya jin ta ake yi, kamar yunwa da sanyi, ko a sha ta kamar magani mai ɗaci, ko a ba wani ita. Haƙuri kuwa yin sa ake yi kamar aiki, a kuma bayar da shi kamar kyauta. Amana ana ba da ita, a ɗauka, a riƙe, kamar ƙullin kaya. Kowace da irin hannun da ake kama ta da shi.

Mutunci ya fi su duka wuyar sha'ani. Asalin kalmar a fili yake: mutum ne aka liƙa wa "ci" na hali, irin wanda ke cikin butulci da munafunci da zalunci. Wato yin abu irin na mutum. Amma dubi yadda ta rarrabu a baki. In aka ce "ya zubar da mutuncinsa", ana nufin darajarsa a idon jama'a, abin nan da aka ce madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. In kuwa aka ce "Alhaji ba shi da mutunci", ba darajarsa ake cewa ta zube ba. Yana iya zama mai kuɗin unguwa, kowa na durƙusa masa. Ana nufin ba ya ganin darajar kowa, ba ya ɗaga ƙafa, zai iya tozarta ka a gaban 'ya'yanka. Sai kuma na uku: "muna mutunci da shi", wato akwai wata igiya tsakaninmu, ba ta kai abota ba, ta wuce sanayya. Wannan na ukun ne saurayin shagon tela ya ce ya hana shi aikata na biyun. Daraja ce da kake da ita, ɗabi'a ce da kake nunawa, alaƙa ce da ke tsakani, duk a kalma ɗaya. Ni a ganina ba ruɗani ba ne. Bahaushe bai raba ukun ba ne don a wurinsa ba sa rabuwa: wanda bai mutunta mutane ba, nasa mutuncin aro ne, ranar da kuɗi ko kujera suka tafi za a karɓe.

A nan ne fassarar takardun zamani ke ɗan tuntuɓe. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan haƙƙin ɗan Adam, a fassararta ta Hausa, ta buɗe da cewa kowane mutum ana haihuwarsa da mutunci da haƙƙoƙi daidai da na kowa. Masu fassarar ba su yi kuskure ba, babu kalmar da ta fi ta dacewa. Amma mutuncin da takardar ke magana a kai ba ya zubewa: ɓarawo na da shi, mahaukaci na da shi, wanda aka yanke wa hukuncin kisa na da shi. Mutuncin bakin kasuwa kuwa ana samun sa, ana rasa shi. Duk wanda ya taɓa ganin an kama ɓarawon waya a tasha ya san abin da jama'a ke cewa in wani ya nemi a sassauta: "Wannan har wani mutunci gare shi?" Mai kare haƙƙin ɗan Adam a rediyo da mai sauraronsa a rumfar mai shayi suna furta kalma ɗaya, kowa da abin da ke ransa. Wanda ya fi kusa da cike gibin nan shi ne malamin da zai jawo ayar da ta ce Allah ya karrama 'ya'yan Adamu, don ita ba ta ware ɓarawo ba.

Samari kuma sun ja kalmar zuwa wani wuri dabam. "An yi ruwa jiya ba mutunci." "Ya narki tuwo na rashin mutunci." Nan babu batun hali ko kaɗan, yawa kawai ake nufi, abin da ya wuce iyaka bai ji nauyin kowa ba. Ko a wasan ma ma'anar asali ba ta ɓace ba.

Shida daga cikin goman Kirk-Greene daga Larabci suka zo: amana, karamci, hankali, ladabi, hikima, adalci. Ba abin mamaki ba ne ga al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana karatun allo da na zaure. Abin lura shi ne yadda suka sauya bayan sun sha ruwan ƙasar Hausa. Hankali daga kalmar Larabci ta tunani da basira yake, amma da ya zauna a nan sai ya haifi "a hankali", wato sannu-sannu. Yaro mai hankali ba shi ne mai ƙoƙari a makaranta ba, wannan mai ƙwaƙwalwa ne ko mai kai. Mai hankali shi ne wanda ya san inda zai zauna in manya na magana, wanda ba ya fizgar abu. Kalmar "adab" kuma sau biyu ta shigo. Ta shigo tun da daɗewa da "al" ɗinta a manne ta zama ladabi, ta sake shigowa ta hannun 'yan boko da malaman jami'a ta zama adabi, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Daga ladabi aka sami ladabtarwa, wadda a aikace bulala ce.

Haka "haƙƙ" ta yi, kuma tata tagwaitakar ta fi ban sha'awa. Ta ba mu haƙƙi, ta ba mu alhaki. Haƙƙi abin da kake bi ne, alhaki abin da ke bin ka. Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Tsohuwar da aka danne wa gona ba za ta ce za ta nemi haƙƙinta a kotu ba, cewa za ta yi "haƙƙina ba zai bar shi ba", kamar wani abu mai rai da ta saka ya bi sawu. Lauya na ganin haƙƙi abu ne da ake ƙwatowa da takarda. Ita tana ganin abu ne da ke ƙwatar kansa, ko a jima ko a daɗe.

Amana ba ta sauya ma'ana sosai ba, faɗi ta yi. Hadisin alamomin munafuki uku, ƙarya da saɓa alkawari da cin amana, kusan kowane ɗan Islamiyya ya san shi. A zamanin daular Sakkwato kalmar har ta zama ta siyasa: al'ummomin da ba su musulunta ba amma suka ƙulla zaman lafiya da sarakuna irin na Zazzau da Bauchi, suna biyan abin da aka yanka musu, ana cewa suna cikin amana. A kasuwa kuwa ita ce jarin wanda ba shi da jari. A Kantin Kwari ɗan kasuwa na iya ɗaukar dilar atamfa ya tafi da ita Agadas ko Marwa ba tare da ya sa hannu a ko'ina ba, sai ya sayar ya kawo kuɗi. Ranar da aka ce ya ci amana, ba shago ɗaya ya rasa ba, layin gaba ɗaya ya rufe masa.

Gaskiya tamu ce ta gado, ba aro ba. Ita ma ta wuce faɗin abin da ya faru. "Kana da gaskiya" na nufin kai ne a kan daidai a wannan rigima. "Ba shi da gaskiya" na nufin akwai abin da yake ɓoyewa, shi ne wanda aka ce ko a ruwa gumi yake. "Ba da gaskiya" kuwa yarda ce, daga nan aka sami bangaskiya, kalmar da Hausawa Kirista ke amfani da ita a inda Musulmi ke cewa imani. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, da aka sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo an yi wasa ne da farashinta na kwabo ɗaya, amma an kuma ɗora ta a kan kalmar da ba a musu da ita. 'Yan siyasa sun san haka. Laƙabin "Mai Gaskiya" da magoya bayan Muhammadu Buhari suka liƙa masa ya yi masa aikin da tarin alkawura ba su yi ba, kuma da mutane suka fara ƙorafi a kan mulkinsa, da wannan laƙabin dai suka riƙa auna shi.

Yanzu ga biyun da suka fi damuna, kunya da haƙuri, ko kumya da hanƙuri in ji mutanen Sakkwato da na Nijar.

Na taɓa zama a layin ganin likita a wani asibiti, wata mata ta kawo yaro ɗan shekara kamar bakwai da zazzaɓi. Ma'aikaciyar da ke rubuta kati ta ce, "Sunansa?" Matar ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi. Aka sake tambaya. Sai ta taɓa ƙanwarta da ke gefe, ita ta faɗi sunan. Ɗan fari ne. Ma'aikaciyar, yarinya ce 'yar birni, ta yi tsaki ta ce, "Ɗanki ne fa." Wata dattijuwa a layin ta ce, "Ai shi ya sa." Su biyun duka suna da gaskiya ta wani gefen. Irin wannan kunyar ba ta laifi ba ce, matar ba ta yi abin kunya ba. Kunya ce ta kamewa, wadda ke hana mace kiran sunan miji, ta hana suruki cin abinci a gaban surukinsa, ta sa uwa ta yi kamar ba ta damu da ɗan da ta fi so ba. Fulani, waɗanda muka yi cuɗanya da su har aka rasa mai raba mu, suna da irinta a cikin pulaaku, wato tsarin halayen da suke alfahari da su, suna ce mata semteende, tare da munyal wato haƙuri, da hakkiilo wato hankali. Addini ya ƙara mata ƙarfi: kunya reshe ce ta imani, kuma in ba ka jin kunya ka aikata abin da ka ga dama.

To amma kalmar ɗaya ce da wadda ake cewa "ya sha kunya" ko "abin kunya ya faru a gidan". Wannan ta biyun tsoron idon mutane ce, tsoron a ji. Matsalar tana tasowa ne in ta biyun ta sa rigar ta farkon. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, a ce a rufa asiri kada a ji kunya. Wa ya kamata ya ji kunyar? Mai ciwon da ke wani wuri a jiki da ba a son faɗa, ya yi ta ɓoyewa har ya ci ƙarfinsa, alhali Hausawan da suka yabi kunya su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har ila yau su suka ce kunyar mara kunya asara ce. Wato masu harshen sun daɗe da gane cewa kunya na da inda take ƙarewa. Sai dai an fi jin karin maganar da ke yabonta a bakin manya, a bar wa yara su tsinci ɗayan da kansu.

Akwai kuma abin da na lura da shi game da "rashin kunya": daga sama take gangarowa. Uba na ce wa ɗa mara kunya, miji na ce wa mata, maigida na ce wa yaronsa. Da wuya ka ji an ce wa babba ya yi wa yaro rashin kunya, ko da shi ne ya fara zagi. Sau da yawa abin da ake kira rashin kunya gaskiya ce da ta fito daga bakin da ba a ba izinin faɗinta ba. Dattijon shagon tela bai ce wa telan komai ba, saurayin ya tsawata wa.

Haƙuri ma haka, har ya fi. Babu kalmar da ke aiki da yawa kamarsa a rayuwar yau da kullum. Ka taka mutum, "yi haƙuri". An yi masa rasuwa, "sai haƙuri", har gaisuwar ta zama "ya ƙarin haƙuri?" Almajiri ya yi bara babu abin ba shi, "Allah ya ba da haƙuri". An hana ka abin da ka nema, "ka yi haƙuri". Neman gafara da ta'aziyya da ƙin bayarwa duk da lafazi ɗaya. Abin dubawa shi ne, a cikin "yi haƙuri" babu inda mai laifi ya ce ya yi laifi. Aikin gaba ɗaya an ɗora wa wanda aka ɓata wa: kai ne za ka yi wani abu. Akwai "na tuba", akwai "ka yafe mini", akwai "laifina ne", amma waɗannan suna da nauyi a harshe, ba a cika jin su daga babba zuwa ƙarami ba. Telan nan bai ma ce "yi haƙuri" ba. "Sai haƙuri" ya ce, irin wanda ake faɗa in ƙaddara ta sauka, kamar shi ma zuwa ya yi ya tarar da shaddar a haka.

Ba ina rage darajar haƙuri ba ne. Manomin da ya shuka gero a ƙasar da ruwanta wata uku ne zuwa huɗu ya san abin da ya sa aka ce mahaƙurci mawadaci. Gidan da ke da mata uku da 'ya'ya goma sha biyar a tsakar gida ɗaya ba zai kwana lafiya ba sai da shi, da kawaici, da kara. Amma a saurari waɗanda aka fi yi wa wa'azinsa. Amarya ranar kai ta ɗaki: yi na yi, bari na bari, zaman aure sai haƙuri. In ta dawo gida da kumburarren ido, a ba ta haƙuri a mayar da ita. Ɗan fansho da ya yi wata da watanni yana jira. Talaka duk lokacin da aka ƙara kuɗin mai. Haƙurin da malamai suka karantar yana da rassa, har da haƙurin barin saɓo da haƙurin tsayawa a kan gaskiya ko da wuya, wato akwai kason mai ƙarfi a ciki. A bakin titi an bar reshe ɗaya kawai, na jure abin da aka yi maka. Kalmar da ya kamata ta yi masa kishiya a ma'auni ita ce adalci, kuma ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kawo maganar nan a rubuce-rubucensa, cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU, daga 1950, a kan wannan gaɓar suka tsaya: talaka ya daina ɗaukar zalunci a matsayin ƙaddara.

Harshen gwamnati kuma da nasa zaɓin. Da sojoji suka ƙaddamar da shirin gyaran hali a 1984, a Hausa Yaƙi da Rashin Ɗa'a aka kira shi. Kotun da ke tuhumar manyan ma'aikata kan ɓoye kadarori, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ake ce mata a labarai. Ɗa'a kuwa asalinta a Larabci biyayya ce, bin umarnin na sama. Gwamnan da ya wawure baitulmali ba umarni ya ƙi bi ba, amana ya ci, kuma da an sa wa kotun suna da wannan kalmar da kowace tsohuwa a ƙauye ta san abin da ake tuhumarsa da shi. Haka "tarbiyya" ta ƙanƙance a 'yan shekarun nan. In aka ce tarbiyya ta lalace, hankali na tafiya ne ga suturar 'yan mata da askin samari da rawar TikTok. Mai tauye mudu, da mai algus a manja, da mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, ba a cika sa su a lissafin marasa tarbiyya ba. Su 'yan kasuwa ne masu wayo.

Kyawawan kalmomin ma an aike su aikin da ba nasu ba. "Ya yi mini alheri" yanzu kuɗi ake nufi, ko daga ina suka fito. Ɗan siyasa "mai mutunci" shi ne wanda in ka je gidansa ba ka fitowa hannu rabbana. "A mutunta malamai" a bakin mai neman ƙuri'a ambulan ɗin kuɗi ne. Kirki da kansa, wanda ya rungume sauran duka, bai taɓa zama na mutane kaɗai ba: akwai abincin kirki, akwai ruwan kirki, akwai "ban samu wani barcin kirki ba". Abin kirki shi ne wanda ya yi aikin da aka yi shi dominsa, kishiyarsa na banza. Mutumin kirki ke nan shi ne wanda ya amfanu a matsayin mutum, kamar yadda takalmin kirki ke amfanuwa a matsayin takalmi.

Ɗinkin nawa sai bayan Sallah da kwana shida na karɓa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, aikin wuyan ya fita. Da na miƙa masa cikon kuɗinsa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode da mutunci, Yallaɓai." Tsohuwar riga na sa na je Idi a shekarar. Bana ma shi na kai wa, sai dai tun watan Sha'aban.